Jarabar Intanet da Iyakar Abin da Ake Kira Ƙwaya

A ilimin magunguna, ƙwaya ita ce sinadarin da ke shiga jiki ya sauya aikin ƙwaƙwalwa, kamar kodin da tiramol da wiwi, don haka wayar hannu ba ta cikin wannan sahu komai yawan latse-latsen da ake yi mata. Sai dai masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa jaraba, wato kasa rabuwa da abu alhali yana cutarwa, ba ta buƙatar a haɗiyi komai, domin hanyar da sinadarin dofamin ke bi wajen sa mutum ƙwallafa rai a kan abin da ya taɓa jin daɗinsa ita ce caca da wasannin waya ke taɓawa, musamman idan ribar tana zuwa ba zato ba tsammani. Wannan ya sa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗa caca rukuni ɗaya da shaye-shaye a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, ko da yake ba ta ayyana hawa intanet gaba ɗaya a matsayin cuta ba.

A ɗakin duba marasa lafiya, yawan sa'o'i ba shi ne ma'auni ba, kuma a nan iyaye suka fi yin kuskure, domin tela mai tallan ɗinki a WhatsApp yana iya wuni da waya a hannu lafiya lau. Abin dubawa shi ne matashin da ke lulluɓe da bargo yana wasa har a kira assalatu, ya karkatar da kuɗin makaranta zuwa sayen data ko cacar ƙwallo, idan kuma aka ƙwace wayar sai ya harzuƙa ya ƙi cin abinci. Kafin a kira jarabar wasa cuta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharaɗin cewa mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan karatu da sana'a da zumunci, ya ci gaba duk da asarar da yake gani, kuma hakan ya ɗauki aƙalla wata 12.

Sau da yawa ciwon damuwa ko kaɗaici ne ke ɓoye a bayan wayar, shi ya sa duka da fasa waya ba sa warkarwa. Ya kamata iyayen da suka ga waɗannan alamu su kai ɗansu wurin likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda za su kai mai shan kodin, ba tare da jin kunya ba.