Darasi: Zaɓen Batir Domin Babbar Tocila

'Yan'uwa manoma, mai gadin rumbu da mai ban ruwa da dare a fadama sun san amfanin tocila mai haske. Amma tocila ba ta fi batir ɗinta ba. Kafin ƙungiya ta fitar da kuɗi daga asusu, sai mu san abin da za mu saya.

Sunan batir

Manyan tociloli na yanzu suna aiki da batir na litiyam da ake yi wa caji, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Wanda aka fi samu shi ne 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Akwai kuma 21700, wanda ya fi shi girma. Ku duba wanda zai shiga tocilarku tukuna.

Lambobi biyu

Ku ɗauki batir kamar tulu. Lamba ta fari, mAh, ita ce girman cikin tulun, wato yawan wutar da ya ɗauka. Ta biyu, amfa, ita ce faɗin bakinsa, wato wutar da zai iya zubarwa a kai a kai ba tare da ya yi zafi ba. Ga batura uku masu girman 18650:

Samsung 35E: mAh 3500, amfa 8.
Samsung 30Q: mAh 3000, amfa 15.
Samsung 25R: mAh 2500, amfa 20.

Kun gani, in ciki ya ƙaru, baki yakan ragu. Ba a samun biyun a cike.

Lissafi

Tocilar da ke shan amfa 1 za ta yi wajen awa uku da rabi da 35E, amma awa biyu da rabi kaɗai da 25R. Nan 35E ya fi. Amma tocilar da ke shan amfa 10 ta wuce ƙarfin 35E. Zai yi zafi, haske ya dushe, batir kuma ya tsufa da wuri. Ita sai 30Q, ko da yake bisa lissafi minti 18 kaɗai zai yi in an buɗe haske duka. Saboda haka mai gadi ya yi sintiri da ƙaramin haske, sai ya ji motsi ya buɗe babban.

Hattara da jabu

Na taɓa sayen batir a kasuwa, an rubuta 9900 a jikinsa. Araharsa ce ta ruɗe ni. Ban gama zagaya gona ba ya mutu. Babu 18650 na gaskiya da ya kai ko rabin wannan lamba. Na kirki yakan yi nauyin giram 45 ko kusa da haka. In ya yi sakayau a sikeli, ku bar shi.

Kiyaye gobara

1. Ku yi amfani da cajar litiyam, wadda ke tsayawa a bolt 4.2.
2. Kada a yi caji kusa da jinka, ko auduga, ko bisa katifa.
3. Kada a sa batir a aljihu tare da makulli ko kwabbai.
4. In rigarsa ta yage, ko ya lotse, a daina aiki da shi.
5. In tocila mai cin biyu ce, kada a haɗa tsoho da sabo.
6. Kada a bar shi a rana, kada kuma a jefa shi cikin wuta.

Tambayoyi domin taronku

Amfa nawa tocilarku take sha? Awa nawa mai gadi yake bukatar haske? Wane ne zai riƙe caja, ya kuma rubuta ranar da aka sayi kowane batir? Sai kun amsa waɗannan, sa'an nan ma'aji ya buɗe akwati.