Kin Zama Shugabar Masu Tsaya wa Mata: Ga Aikin Gobe da Safe

Da ke ce mai raka mace ɗaya asibiti. Yanzu da ƙungiya ta sa ki gaba, aikinki shi ne share hanyar da kowace mace za ta bi idan miji ya yi mata jina-jina ko an yi wa 'yarta fyaɗe, ko kina gari ko kin yi tafiya.

1. Fara da asibiti. Gobe da safe ki je babban asibitin Potiskum, ki nemi masu karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Karɓi lambar mai aikin rana da ta mai aikin dare. Tambayi ko akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP, da abin da ake biya da wanda yake kyauta. Ki kuma ƙulla zumunci da Cibiyar Shifa ta Damaturu, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe.

2. Kowa a ƙungiya ya haddace 72 da 120. Dole a fara shan PEP cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Maganin hana shigar ciki na gaggawa kuwa iyakarsa awa 120. Abin da ke cinye mana waɗannan awoyi shi ne zaman iyali: a jira kawu ya dawo daga kasuwar shanu, a jira ganin mai unguwa. Asibiti tukuna, shawara daga baya. In da hali kada wadda aka yi wa fyaɗe ta yi wanka, kayan jikinta kuma a naɗe su a takarda, ba a leda ba. In ta riga ta yi wankan, ko kwanaki sun wuce, a kai ta duk da haka.

3. Kulle bakin ƙungiya. A garin nan kowa ya san kowa. Ba suna, ba hoto, ba sunan unguwa a WhatsApp. Ki ba kowace mace lamba a littafi, littafin kuma ya kwana a akwati mai kwaɗo. Wadda ta fitar da zance ki sallame ta, ko aminiyarki ce.

4. Matar ce ke da zaɓi. Hana mutanenki tambayar “Me ya kai ki can?” da “Me kika yi masa?” Su ce, “Na yarda da ke, ba laifinki ba ne, me kike so a yi?” Wannan shi ne mafi wuya ga sabuwar shugaba, domin zuciya takan so a kama mutumin yau-yau. Matar da ba ta shirya barin gidan miji ba, kada ki yi fushi da ita. Ku zauna ku tsara: gidan wa za ta nufa cikin dare, wace maƙwabciya za ta kira, ina za ta ɓoye katin shaida da kuɗin Keke Napep. Sau da yawa lokacin fita ne haɗari ya fi yawa. Ƙaramar yarinya dabam ce: a raba ta da wanda ya cuce ta nan take, a sanar da hukuma.

5. Riƙe doka a jaka. Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, VAPP, a 2015, Gwamna Mai Mala Buni kuma ya sa hannu a ta Yobe a 2022. Nemi kwafi. Nemi lauya daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ki kuma je ofishin 'yan sanda ki san mai kula da ƙarar mata da yara tun ba ki da ƙara a hannu.

6. Gaida manya kafin rana ta ɓaci. Fadar Sarkin Fika da ta Mai Potiskum, hakimai, limamai, matan FOMWAN, zumuntar mata ta coci, duk ki kai gaisuwa. Ki faɗa musu cikin ladabi cewa saɓanin ma'aurata ana sulhunta shi, amma fyaɗe ba a rufe shi da kuɗi a zaure. Za a ce miki a rufa asiri. Asirin yarinyar za ki rufa, ba na wanda ya yi ba.

7. Samu masu jin Ngizim, Karekare, Bolanci da Fulatanci. Kada ɗan'uwan matar ya zama tafinta.

8. Sauke wani kayan. Sayi wayar ƙungiya, ta riƙa zagayawa mako-mako. Duk Juma'a ku zauna rabin awa, kowa ta faɗi abin da ya tsaya mata a rai, ba tare da ambaton suna ba. Zaɓi mataimakiya a wannan makon, ki tafi da ita asibiti gobe, lambobin nan su shiga wayarta ita ma.