Darasi na Tara: Idan Allon Arduino Ya Ɗauki Zafi

Mai koyon haɗa na'urori a Ƙofar Marusa, musamman cikin zafin Afrilu na Katsina, kan taɓa allon Arduino Uno ya ji yana ƙuna. Wajibi ne ya fara cire wuta, sannan ya binciki inda zafin yake.

Allon na aiki da ƙarfin wuta bolt 5. Idan aka ba shi 12, madaidaicin wuta ne ke mayar da rarar 7 ɗin zafi. Sai a sauko zuwa 9. Amma in ƙwaƙwalwar allon ce ta yi zafi, galibi wayoyi ne suka haɗe, kuma jinkiri kaɗan kan ƙone ta.

A lura da yadda aka faɗaɗa ma'anar "allo" da "ƙwaƙwalwa" a nan. Kawo misalai uku makamantansu.