Jijiya Suna Ta Tara

Farin zaren nan mai tauri da mahauci yake cirewa daga nama, jijiya ake ce masa. Ma'aikaciyar asibiti mai laluben inda za ta ɗebi jini a hannun majiyyaci, ita ma jijiya take nema. Haka nan zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu. A kasuwa wannan bai dami kowa ba, amma a aji ya isa ya kayar da ɗalibi a jarrabawa. Don haka wajibi ne malami ya riƙa cewa "jijiyar jini", sannan ya faɗi wacce yake nufi.

Jijiyoyin jini iri uku ne. Akwai mai fitar da jini daga zuciya, wadda Larabawa ke kira shiryan. Bangonta kauri gare shi, kuma ita ce ake jin bugunta idan an ɗora yatsu a wuyan hannu. Akwai mai komar da jini zuwa zuciya, wato warid a Larabce, wadda daga cikinta ake ɗibar jini don gwaji. Tsakaninsu akwai sirara ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Lokacin da William Harvey na Ingila ya bayyana kewayawar jini a 1628, bai taɓa ganin siraran nan ba. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya gan su a huhun kwaɗo.

Sau da yawa akan koya wa yara cewa mai fita ita ce mai ɗauke da jan jini mai iskar oksijin. Wannan ma'ana tana da rauni, domin jijiyar da ke fita daga gefen dama na zuciya zuwa huhu, jinin da oksijin ɗinsa ya ragu take ɗauka. Ashe alkiblar tafiyar jini ce ma'auni, ba launinsa ba. Wannan zagaye ta huhu kuwa, likita Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga Harvey bayyana shi.

Ita zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Sunan biyun sama a Latin na nufin babban falon gida, kuma da yake nan jini ke fara sauka, kalmar zaure ta dace da su sosai. Biyun ƙasa su ne masu tunkuɗa jini waje.

Inda ruɗanin ya fi haɗari shi ne sunayen cututtuka. Hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya ne ya wuce kima, wato awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama. Wanda ya ɗauka jini ne ya yi masa yawa, yana iya barin ƙwayoyinsa ya nufi wanzami a yi masa ƙaho, alhali cutar na nan tana ɓarna a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Haka ma ƙarancin jini: mai shi yana iya kasancewa da lita biyar ɗin nan da aka san baligi da ita, abin da ya ragu shi ne himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini.