Darasin Sana'a: Cewa "Albarka" Ba Faɗa Ba Ne

 Darasinmu na wannan wata na masu ƙananan sana'o'i ne, musamman 'yan awo a kasuwannin ƙauye. Sau da yawa jari ba ɓarawo ke cinye shi ba, kunya ce. Maƙwabci ya taya kaya ƙasa da kuɗinsu, ka ji nauyinsa ka sallama. Kafin kaka ta zagayo, uwar kuɗi ta tafi.

Maganin farko shi ne lissafi. Ɗauko littafinka. A ce ka saro buhun gero mai tiya 40 a kan Naira 38,000. Kuɗin mota 1,200, dako da kuɗin kasuwa 800. Jimla 40,000 ke nan. Raba da 40, kowace tiya ta tsaya maka 1,000. Kana sayarwa 1,100, ribarka 100 ce kacal.

To, ga wani dattijon unguwarku, wanda ya daɗe yana awo wurinka, ya ce a bar masa 950. In ka yarda, ba riba kawai ka bari ba, ka ciri Naira 50 daga jarinka. Wanda ke tsaye a bayansa kuma ya ji, shi ma haka zai nema.

Me za ka ce? Kada ka ɗaure fuska, kada kuma ka fara rantse-rantse. Ku gama gaisawa tukuna, ka tambayi iyali. Sannan ka ce, "Albarka, Baba. Ni ma dubu ɗaya ta tsaya mini. In na bar maka haka, mako mai zuwa ba za ka same ni a rumfar nan ba." Ka faɗa a hankali, ba a kunnen jama'a ba. Mutum yana manta tsada, amma ba ya manta ranar da aka kunyata shi a kasuwa.

Kada ka bar shi ya tafi haka nan. In kuɗinsa ne ba su kai ba, auna masa rabin tiya. In dawa ta fi sauƙi ranar, nuna masa. Idan ya saya, yi masa gyara da hannu ɗaya. Gyara tana faranta rai, kuma farashinka yana nan bai motsa ba. Sai dai a kula, gyara ma kuɗi ce, ba a yin ta da ƙwarya.

In duk da haka ya ce zai duba gaba, ce masa, "Ba komai, Baba, a zagaya. Ranar da ya sauka zan aiko yaro ya gaya maka." Ranar da ya sauka ɗin kuwa, ka aika.

Aikin aji: idan mutum 10 suka saya a kan 950 maimakon 1,100, tiya ɗai-ɗai, nawa ka rasa? Nawa ne daga ciki ya fito daga jari? Rubuta amsa ka nuna wa malaminku.