Ɗakuna Marasa Bango a Cikin Bakteriya

Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu a makarantar sakandare ya san cewa ƙwayoyin halitta iri biyu ne. Na jikin mutum da dabba da tsiro suna da ƙananan ɗakuna a cikinsu, kowane ɗaki an kewaye shi da tantani, kuma kowanne da aikinsa. Ita kuwa bakteriya, littattafai da yawa sun kwatanta ta da jakar da aka zuba sinadarai a ciki barkatai. Binciken da aka yi daga shekarar 2009 zuwa yau ya nuna cewa wannan kwatance yana bukatar gyara.

Domin a fahimci batun, malami zai iya zuba ruwa a kwalba, ya ƙara cokali biyu na man gyaɗa, ya girgiza. Ɗalibai za su ga man ya watsu ɗigo-ɗigo, sannan ɗigon suna haɗewa da juna suna girma. Babu wata fata da ta raba man da ruwan, amma kowanne ya ware kansa. Wannan shi ne masana ke kira rabuwar yanayi.

A shekarar 2009, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman, a cibiyar Max Planck da ke Dresden ta ƙasar Jamus, suka lura da wasu dunƙule-dunƙule a cikin ɗan tayin wata ƙaramar tsutsa. Sun ga suna kwarara, suna haɗewa, suna narkewa kamar ɗigon ruwa. Furotin da RNA ne suka taru, suna riƙe juna da riƙo mai rauni amma ta wurare da yawa.

Shin bakteriya, wadda tsawonta bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba a irin su E. coli, ita ma tana yin haka? A shekarar 2018, ayarin Jared Schrader na Jami'ar Wayne State a Amurka ya ba da amsa. Sun yi nazarin Caulobacter, bakteriyar da ke zaune a ruwan rafi da tafki. A cikinta akwai furotin mai suna RNase E, wanda aikinsa shi ne yayyanka saƙonnin RNA da aka gama amfani da su. Sai suka tarar wannan furotin yana taruwa da RNA su zama ɗigo. Da aka hana bakteriyar ƙera sabon RNA, sai ɗigon suka watse. Ke nan ɗakin yana kafuwa ne idan akwai aiki, ya rushe idan aikin ya ƙare.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Sinadaran da ke aiki tare suna haɗuwa wuri ɗaya, saboda haka aikin yana sauri. Bugu da ƙari, tun da babu tantani, abubuwa suna shiga suna fita ba tare da ƙofa ba, kuma bakteriyar ba ta ɓarnatar da ƙarfinta wajen gina bango.

Sai dai malami ya ja hankalin ɗalibai ga iyakar misalin kwalba. Mai yana guje wa ruwa ne, alhali ɗigon bakteriya cike suke da ruwa. Yawan furotin da RNA ne ya bambanta su da kewayensu.

Tambaya ga aji: me zai sami saƙonnin RNA idan aka hana RNase E taruwa?