Faɗan Kifaye a Ƙaramin Tankin Gilashi

Sana'ata ita ce haɗa tankunan kifin ado da kula da su, a gidaje da ofisoshi da ɗakunan jira. Kiran da na fi samu daga masu tanki shi ne na kifaye suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ciwo a jikinsu. Mai tanki yakan ɗora laifin kan ruwa ko abinci, wani lokacin kuma da gaskiyarsa. Amma a ƙananan tankuna, irin masu tsawon santimita 60 da ruwansu bai wuce lita 54 ba, sau da yawa kifayen ne ke ƙarar da junansu. Wani ya hana wani ci, ya hana shi sakat, har ƙarfinsa ya ƙare. Mu da muka haɗa su wuri ɗaya kuwa, mu ne muka shirya wannan faɗan.

Abin da ke ɓoye matsalar shi ne kifi ba ya kuka, ba ka kuma ganin jini. Da ka matso kusa da gilashin, duk sai su taso sama suna jiran abinci, ka ɗauka lafiya lau suke. In kana son ganin gaskiyar zamansu, ja kujera ka zauna nesa kaɗan, ka yi shiru na minti goma. Za ka ga wani ya mallake tsakiyar tanki yana kai-komo, duk wanda ya gitta sai ya kai masa cafka. Sai ka nemi wanda ba ka gani. Yawanci yana can a lungun sama, bayan filta, ya maƙale fikafikansa a jiki, launinsa ya kwashe, numfashinsa na fita da sauri. An zuba abinci ya leƙo, an koro shi ya koma. Wannan kifin shi ne na gaba a mutuwa. Fargaba ta yau da gobe tana karya garkuwar jikinsa, sai ciwon farin ɗigo ko ruɓewar fiffike su samu ƙofa, a ƙarshe a ce ciwo ne ya kashe shi.

A duba wutsiya da kyau. Cizo yakan bar gurbi a fili, kamar an gutsure, kuma dare ɗaya yake bayyana. Ruɓewa kuwa a hankali take ci, bakin fiffiken ya yi fari ko ya yi baƙi yana zagwanyewa. Na sha tarar da an zuba magani iri-iri a tanki alhali mai cizon na nan yana yawonsa.

Yawancin rigimar daga wurin saye take farawa, domin launi ake bi. Ɗauki kifin beta, ɗan asalin Tailan, wanda ƙasar ta ayyana a matsayin dabbar ruwanta ta ƙasa a 2019. An daɗe ana kiwonsa can musamman don gasar faɗa, kuma wannan halin bai bar jininsa ba. Maza biyu na beta a tanki ɗaya kamar zakaru biyu ne a akurki ɗaya, sai dai su a nan babu inda wanda aka rinjaya zai tsere. Ba ma sai ɗan uwansa ba: namijin gofi mai doguwar wutsiya mai launi yakan sha duka a wurinsa, don kallon kishiya yake masa.

Shi kuma taiga bab, mai ratsin baƙi huɗu, wanda ya fito daga tsibiran Indunusiya, nasa lamarin daban ne, kuma shi ne mutane suka fi kasa ganewa. Kifi ne na garke. In suna da yawa, tsakaninsu suke tsere da ture-ture, kowa ya san matsayinsa, ba su cika kula sauran ba. In ka sayi biyu ko uku, sai su juya kan maƙwabta, su bi duk mai dogon fiffike da gutsura. Wata Hajiya da nake kula mata da tanki ta ce da ni, "Malam, ka kwashe mini waɗannan masu ratsin, sun cika mugunta." Na ce, "Ranki ya daɗe, ko dai a kwashe su duka, ko a ƙaro su kai takwas, amma fa sai an fitar da kifin enjel ɗin nan, don tankin ba zai ɗauke su gaba ɗaya ba." Ta yi mamakin a ce ƙarin masu cizo ne zai rage cizo. Haka abin yake, muddin akwai fili.

Enjel ɗin kansa ba waliyyi ba ne. Ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, gwanin sha'awa, a haɗa shi da niyon tetira, tunda dukansu daga yankin Amazon suke. Bayan wasu watanni enjel ya doshi santimita 15, niyon kuwa bai wuce 4 ba. Sai a riƙa wayar gari ana ƙirga niyon ana ganin sun ragu, ba gawa. Masu kiwon tarwaɗa sun san wannan sarai, shi ya sa suke tace kifinsu suna ware manya daga ƙanana. Duk abin da ya shiga bakin kifi, abinci ne a wurinsa. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa mai sayarwa ita ce girman da kifin zai kai in ya manyanta, ba girmansa na yau ba.

Akwai kifayen ado biyu da suke namu na Afirka ta Yamma, 'yan uwan karfasa, kuma ina ƙaunarsu ƙwarai. Kiribensis daga kudancin Najeriya da Kamaru yake, yana da sauƙin hali har zuwa ranar da mace ta saka ƙwai a cikin wani kogo. Daga nan ita da namijin sai su tsare ƙofar, su kore kowa. A babban tanki wannan abin kallo ne, ka ga uwa na jan 'ya'yanta a ƙasa uban na gadi. A tankin lita 50 kuwa, yankin da suke karewa shi ne tankin gaba ɗaya. Na biyun shi ne juwel, wanda ke rikiɗewa ja wur lokacin haihuwa. Wannan ba na sa shi cikin tankin haɗaka ko da mai tanki ya roƙe ni. Nasa tankin daban ya kamata.

Hatta gofi da moli, da ake wa kallon salihai, suna da tasu fitinar. Namiji ba ya gajiya da bin mace. In maza sun fi yawa, mace ɗaya ce za ta wuni tana gudu, ga ciki kusan kowane wata. A sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, ko a ajiye maza zalla.

Sai maganar fili, wadda a ganina ta fi komai. Kifi faɗin ƙasa yake aunawa, tsayin tanki bai dame shi ba. Dogayen tankunan nan masu kama da ginshiƙi da ake sawa a ofisoshi suna da kyan gani, amma ƙasansu ɗan kaɗan ne, kifin da ke son yanki ba shi da inda zai shata iyaka. Tanki fayau kuma, mai farar tsakuwa da furen roba guda ɗaya, shi ya fi haɗari, domin mai kora yana hango wanda yake kora daga bango zuwa bango. Kifi yakan daina bi da zarar abokin faɗan ya ɓace masa daga gani. Don haka nake cika tanki da tsirrai masu tsayi, da duwatsu, da guntun icen da aka tanada don tanki, da 'yar tukunyar ƙasa a kife an fasa mata ƙofa, ta yadda daga kowane gefe akwai abin da ke tare ido. Maɓoya su fi masu neman maɓoya yawa. Masu tanki kan ji tsoron kifayen za su ɓuya su daina ganinsu, amma abin da nake gani akasin haka ne: kifin da ya san yana da mafaka shi ya fi fitowa fili.

Yanayinmu ma na da hannu. Yawancin waɗannan kifaye sun fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27. A watan Afrilu ruwan ƙaramin tanki yakan haura haka nan da nan, ruwa mai ɗumi kuma iskar shaƙa ba ta zama cikinsa sosai. In aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, wanda aka takura a lungu, mai rauni da ma, shi ne ke fara faɗuwa. Ɗan famfo mai batir ya cancanci kuɗinsa. Cunkoso kuma na tara amoniya daga kashinsu, ga ƙunci ga guba. Canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka kawar wa kilorin, yana rage wannan nauyin.

In ka riga ka ga alamun a tankinka, kada ka jira su saba da juna. Fara raba su yau, ko da ragar roba ce ka tsaga tankin gida biyu. In za a cire ɗaya, mai korar za a cire, a ajiye shi wani mazubi mai iska na 'yan kwanaki, a sauya wuraren duwatsu da tsirrai kafin a dawo da shi, ya tarar iyakokinsa sun rushe. Wannan dabara tana aiki a kan wasu, ba ta aiki a kan beta biyu ko juwel mai ƙwai. Irin waɗannan sai rabuwa ta dindindin: a mai da wa mai shago, ko a ba wanda ke da babban tanki. Kada dai a zuba kifin a kwata ko a rafi. A riƙa watsa abinci wuri biyu ko uku a lokaci guda, tunda mai ƙarfi ba zai iya tsare ko'ina ba.

Ga abokan sana'ata kuwa, roƙona shi ne mu riƙa tambayar mai saye girman tankinsa da abin da ke ciki kafin mu ɗaure masa leda. Cinikin da zai dawo da ƙorafi bayan sati biyu bai kai a ɓoye gaskiya saboda shi ba, kuma ran da aka tsare a gilashi haƙƙinsa na wuyan wanda ya saya da wanda ya sayar. In za a ƙara sabon kifi, a fara ciyar da na ciki su ƙoshi, a kashe fitilar tankin, sannan a sake shi. Masu sanyin hali su ake fara sakawa a sabon tanki su zauna da gindinsu, mai son yanki shi ne na ƙarshen shiga.